Tsofaffin Jiragen Koyon Tuƙi a Sahu Ɗaya: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

A bukukuwan nuna bajintar jiragen sama na Ingila da Amurka da Faransa, jiragen yaƙin zamani ne ke toshe wa jama'a kunne, su ɓace kafin mutum ya gama zaro waya daga aljihu. Amma da an ce ga tsofaffin jiragen koyon tuƙi nan tafe a jere, sai ka ga kowa ya ɗaga kai ya bar shi a ɗage. A hankali suke tafiya, ana hango kan matuƙi, wani lokaci ma har ya ɗago wa 'yan kallo hannu. Da yawansu sun haura shekara 80 da ƙerawa. Domin ɗalibi aka yi su, su tona masa asirin kuskurensa ba tare da sun kashe shi ba, kuma wannan hali nasu ne ya sa jera su a sama ya zama aiki ja.

Jirgin da ba shi da birki

A fara da Tiger Moth, ɗan Ingila mai fukafukai hawa biyu, wanda ya fara tashi a 1931. An ƙera sama da 8,000. Wanda aka yi a Ingila ba shi da birki ko kaɗan. Wani ƙarfe ne a ƙarƙashin wutsiya yake kartar ciyawa har jirgin ya gaji ya tsaya, shi ya sa masu shi ba sa son titin kwalta.

Ba shi kuma da makullin tayar da inji. Sai an sa katako an tokare tayoyi, makanike ya tsaya gaban hancin jirgin, ya dafa farfela, ya juya ta sannu sau kaɗan domin mai ya shiga inji. Sannan ya yi wa matuƙi magana, matuƙi ya miƙa hannu waje ya ɗaga makunnin wuta. Da gangan aka maƙala makunnin a jikin jirgin ta waje, domin mai murza farfela ya gani da idonsa ko a kunne yake ko a kashe, tunda hannunsa ne a kan layi. Daga nan sai ya fizgo farfelar ƙasa da ƙarfi, ya ja da baya a lokaci guda. In ta kama, shi ke nan. In ba ta kama ba, a koma farko, 'yan kallo suna jira.

Tankin mai a saman kan matuƙi yake, tsakiyar fiffiken sama, man yana gangarowa da kansa ba famfo. A jikin sandar da ke tsakanin fukafukai akwai ɗan faranti mai sifirin: iska ta tura shi baya, ya nuna gudun jirgi a kan wani allo. Malami yana zama gaba, ɗalibi baya, in kuwa mutum shi kaɗai zai tashi, kujerar baya zai hau domin nauyi ya daidaita. Magana tsakaninsu ta bututun roba ake yi, ɗaya ya yi ihu a baki, ɗaya ya ji a kunne. Wannan dabara ta fito ne daga makarantar Gosport da Robert Smith-Barry ya shugabanta a 1917.

Ko karkatar fukafukansa zuwa baya ba ado ba ne. Sojojin sama sun ce dole wanda ke kujerar gaba ya iya fita da laimar sauka in ta ɓaci, sai aka matsar da fiffiken sama gaba. Hakan ya ɓata ma'aunin jirgin, sai aka lanƙwasa bakin fukafukan baya domin a gyara.

Mai kamfanin, Geoffrey de Havilland, mutum ne mai tara malam-buɗe-littafi da danginsa masu tashi da dare, daga nan jiragensa suka samo suna. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, kamfanin motoci na Morris a Cowley ne ya ƙera fiye da 3,000 daga cikinsu. Tun 1935 ma an yi wani samfurinsa mai suna Queen Bee, ba matuƙi, da rediyo ake sarrafa shi domin masu harbo jirage su gwada hannu. Wato jirgi marar matuƙi ya girmi kakannin masu wasa da shi yau.

Akwai ƙungiya a Ingila mai suna Tiger Nine da ke jera guda 9 a sama. A ganina sun fi masu jiragen zamani wahala. Injin ƙarfin doki 130 ne kawai, ba shi da rara. Wanda ya sake aka bar shi baya da ɗan taƙi, ba shi da ƙarfin da zai kamo 'yan'uwansa, sai dai madugu ya rage wuta ya jira. Ga jirgin ba nauyi, iska kaɗan ta ɗaga shi ta sauke, ga fiffiken sama yana tare wa mutum gani.

Wata matuƙiya, Joan Hughes, ta taɓa shiga kotu saboda shi. Ana ɗaukar fim ɗin Thunderbird 6, wanda ya fito a 1968, aka ba ta izinin bi ta ƙarƙashin wata gadar babbar hanya da sharaɗin tayoyi su taɓa ƙasa. Iska ta taso ta gefe, ta ga sauka ta fi haɗari, sai ta ratsa ƙarƙashin gadar a tashe. An gurfanar da ita, kotu ta wanke ta.

Idon kowa a kan mutum ɗaya

Abin da ɗan kallo bai sani ba shi ne, a cikin jerin nan mutum ɗaya tak ne yake duban inda aka dosa. Madugu ne ke kallon ƙasa, da tsayi, da gudu, da gajimare. Sauran ba sa duban agogunan gabansu sai da wutsiyar ido. Kowannensu ya zaɓi alama biyu a jikin jirgin madugu, misali bakin fiffike da wani wuri a jikin inji, ya riƙe su a layi ɗaya. In alamomin suka rabu, ya san ya goce. Hannunsa na hagu ba ya barin totur, ƙara kaɗan, rage kaɗan, tun tashi har sauka. Daga ƙasa sai ka rantse an ɗaure su da igiya, alhali a ciki gumi ake yi.

Wajen kwana abin ya fi tsanani. Wanda ke ciki sai ya rage gudu, na waje ya ƙara, kamar dai mahayan da suka jeru a hawan daba za su sha kwana ba tare da sahu ya karye ba. Saboda haka madugu ba ya taɓa buɗe wa injinsa wuta duka, kullum yana bar wa na baya abin da za su kamo shi da shi.

Kafin a tashi, sai ka ga dattawa masu furfura sun jeru a kan ciyawa suna tafiya a ƙasa, madugu gaba, sauran a kafaɗarsa, suna karkata jiki suna juyawa tare. Wasan gaba ɗaya suke bitarsa da ƙafa. Abin dariya ne ga baƙo, amma ƙungiyar da ta san abin da take yi ba ta tsallake shi. A sama kuma yawancin umarni da hannu ne ko da gyaɗa kai, domin rediyo ba ya jure surutu.

Wannan amana tana da tsada. A Janairun 1982, jirage 4 ƙirar T-38 na ƙungiyar Thunderbirds ta sojojin saman Amurka suna atisaye a Indian Springs, jihar Nevada. Binciken hukuma ya ce abin sarrafa wutsiyar jirgin madugu ne ya cije yayin da suke gangarowa. Sauran ukun suna kallonsa kamar yadda aka koya musu, suka bi shi har ƙasa. Babu wanda ya tsira. Dalilin da ya sa ma suke tuƙa jirgin horo a lokacin shi ne tsadar man fetur ta 1973: man da jirgin yaƙi ƙirar F-4 ɗaya ke sha yana isar T-38 guda 5.

Harvard, sarkin ƙara

In ka ji wata ƙara mai tsaga kunne tun kafin ka ga jirgi, to Harvard ne. Ba injin ne ke yin ta ba. Farfelar a haɗe take da inji kai tsaye, in aka ba shi wuta sai bakinta ya kai gudun sauti. Suna uku gare shi: sojojin saman Amurka suna ce masa T-6 Texan, na ruwa SNJ, Birtaniya da ƙawayenta Harvard. An ƙera 15,495. Afirka ta Kudu ba ta sallame shi daga aiki ba sai 1995.

A can ɗin ne ma aka yi abin da har yau wasu ke cewa haɗin kwamfuta ne. A 2006 ƙungiyar Flying Lions ta sauko da Harvard 4 a jere kan madatsar ruwan Klipdrift, tayoyi suna shafar ruwa suna feshi, suka yi ta sulu a kai sannan suka tashi. Hoton da aka ɗauka na gaskiya ne. In gudu ya isa, ruwa yana ɗaukar taya. In ya ragu kaɗan, sai labari.

Harvard ɗan fim ne kuma. Da za a shirya Tora! Tora! Tora! na 1970 kan harin Pearl Harbor, ba a sami jiragen Zero na Japan masu tashi ba, sai aka yi wa Harvard kwaskwarima, aka shafa musu jan da'ira. Jirgin da ya horar da matuƙan Amurka shi ya koma yana fitowa a matsayin abokin gabarsu. Wasu daga cikin waɗannan jiragen har yanzu suna maimaita harin a bukukuwa, da fashe-fashe da hayaƙi.

Da irinsu ne kuma aka riƙa yin rubutu a sama. Guda 5 su jeru kafaɗa da kafaɗa, kwamfuta tana sakin hayaƙi ɗigo-ɗigo daga kowanne, ɗigon ya haɗu ya zama baƙi. Tsayin harafi ɗaya yakan kai mita 300.

Hayaƙin nan ba alamar inji ya lalace ba ne. Wani mai ne marar kauri ake fesawa cikin salansa mai zafi. Red Arrows na Birtaniya suna ɗauke da na minti 5 fari, minti 1 ja, minti 1 shuɗi. Shi ke nan abin da suke da shi, dole a yi tsimi.

Me ya sa yawancinsu rawaya ne? Domin ɗalibi ya hango ɗan'uwansa ɗalibi tun daga nesa, kuma in ya faɗa daji ko dusar ƙanƙara a gan shi. Kanada kaɗai ta horar da ma'aikatan jirgi sama da 130,000 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sararin samaniyarta cike da 'yan koyo.

Stearman

Wannan na Wichita ne a Kansas, ƙato, mai ƙwari. A kansa baƙaƙen matuƙan Tuskegee suka fara koyo a Alabama, lokacin da sojan Amurka ke ware baƙi da fari, kuma ɗaya daga jiragen nasu yana rataye a gidan tarihin baƙaƙen fata da ke Washington. George Bush babba ma da shi ya fara. Da yaƙi ya ƙare aka yi gwanjonsu, manoma suka sa musu manyan injuna suna feshin gona, abin da ya hana da yawa zama ƙarfen bola. Duk Satumba masu shi suna taruwa a Galesburg, jihar Illinois.

A Ingila kuma ƙungiyar AeroSuperBatics tana ɗaure mutum a saman fiffike, jirage biyu su tashi a jere, su yi alkafura, na saman yana ɗaga ƙafa yana gaisuwa. Ni dai kallo ya ishe ni.

In ka ga irin waɗannan jirage suna tafiya a ƙasa suna karkacewa dama da hagu, ba maye ba ne. Hanci a sama yake, wutsiya a ƙasa, matuƙi ba ya ganin gabansa sai ya leƙa ta gefe. In kuma ka ga ana juya farfela da hannu kafin a tayar, mai ne ake dubawa. Injin zagaye yake, baƙin mai yakan tsiyaye ya taru a tukwanen ƙasa, in aka tayar a haka sai ƙarfe ya lanƙwashe.

Raina kama

Po-2 na Tarayyar Sobiyet katako ne da yadi, jirgin koyo tun ƙarshen shekarun 1920. A Yaƙin Duniya na Biyu mata matuƙa na runduna ta 588 suka yi amfani da shi wajen kai hari da dare. Su rage wa inji wuta, su sulalo shiru, su saki bam. Jamusawa suka sa musu suna mayun dare. Iyakar gudunsa bai kai mafi ƙarancin gudun da jirgin yaƙin Jamus ke buƙata don ya tsaya a sama ba, saboda haka bin sa a baya ya zama jidali. A yaƙin Koriya ma wani jirgin Amurka ƙirar F-94 ya hallaka garin rage gudu domin ya harbo shi.

Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, a kan Yak-18 ya koyi tuƙi a Saratov, 1955. Jikan wannan jirgi, Yak-52, wanda aka riƙa ƙerawa a Romaniya, yana cikin waɗanda aka fi gani a jere yau saboda sauƙin kuɗi. Kusan komai nasa da matsattsiyar iska yake aiki: tayar da inji, birki, naɗe tayoyi. An yi haka ne saboda sanyin Rasha. Tayoyin kuma ko an naɗe su suna leƙowa waje, domin in ɗalibi ya manta bai sauke su ba, ɓarnar ta zo da sauƙi. Masu ƙirar sun san halin ɗalibi. A 2024 an ga irinsa a sararin Odesa ta Yukren, mutum a kujerar baya riƙe da bindiga yana harbo jirage marasa matuƙi.

Chipmunk na Kanada, 1946, shi ya gaji Tiger Moth. Na sojan Birtaniya da harsashi marar kai ake tayar da injinsa: ƙara ɗaya, hayaƙi, farfela ta juya. Yarima Philip ya koya a kansa, ɗansa Charles ma haka. A zamanin yaƙin cacar baki Birtaniya ta ajiye shi a filin Gatow na Berlin da sunan atisaye, alhali mai kyamara ne a ciki yana ɗaukar hoton sansanonin Sobiyet. Har yau rundunar da ke kula da jiragen yaƙi na tarihi, Spitfire da Lancaster, tana riƙe da Chipmunk 2, domin matuƙin jirgin yaƙin zamani bai saba da jirgi mai taya a wutsiya ba, sai ya koma aji ɗaya kafin a damƙa masa Spitfire.

Curtiss Jenny na Amurka ya fi suna a kan takarda. A 1918 aka buga kan sarki na senti 24 da hotonsa, faranti ɗaya mai guda 100 ya fita da jirgin a kife. A 2023 an sayar da ƙwaya ɗaya kan dala miliyan 2. Charles Lindbergh ya sayi jirgin kansa, na gaske, kan dala 500 a 1923.

Najeriya ma ta ga aikin jiragen horo, ba a wajen biki ba. A yaƙin basasa gwamnatin tarayya ta yi amfani da L-29 na Cekoslobakiya, jirgin koyo ne da aka ɗora wa makami. Ɓangaren Biyafara kuma, a Mayun 1969, wani ɗan Suwidin mai suna Carl Gustaf von Rosen ya kawo ƙananan MFI-9 guda 5, aka maƙala musu rokoki, suka kai hari filayen jirgin Fatakwal da Benin da Inugu suna tafiya dab da kan itatuwa. Daga baya an harhaɗa Air Beetle guda 60 a Kaduna domin horar da sojojin sama. L-29 ɗin nan yanzu masu kuɗi ne ke saye a Amurka da Turai suna shawagi da shi.

Snowbirds na Kanada sun fara wasa a 1971 da Tutor, jirgin da aka ƙera a shekarun 1960. An daina koyarwa da shi tun 2000, ƙungiyar ta ci gaba da jera guda 9, matuƙan duk jirgin ya girme su.

Tazarar da ake bari tsakanin jirage da 'yan kallo ba a banza aka shata ta ba. A Ramstein ta Jamus, 1988, jirage 3 na ƙungiyar Italiya suka yi karo, ɗaya ya faɗa cikin jama'a, mutum 70 suka mutu. A Shoreham ta Ingila, 2015, tsohon jirgi ƙirar Hunter mai kujera biyu ya faɗa kan hanyar mota ya kashe mutum 11. Kowane ɗaya ya jawo ƙarin tsauri a doka.

Babban taron jiragen nan duka shi ne na Oshkosh a Wisconsin, ƙarshen Yuli, inda jirage wajen 10,000 ke sauka cikin mako guda, hasumiyar garin ta zama mafi cunkoso a duniya. Masu ba da hanya ba su da lokacin jin amsa. Su kira jirgi da launinsa da ƙirarsa, matuƙi ya girgiza fukafukai alamar ya ji. An zana manyan ɗigo masu launi a kan titin, a ce wa wannan ya sauka kan kore, wancan kan ruwan lemo, jirage biyu ko uku a titi ɗaya lokaci guda. Da rana kuma T-6 da T-34 da Yak su cika sama, gomiya-gomiya, hawa-hawa.

Kakansu duka yana Old Warden, gidan tarihin Shuttleworth a Ingila: Avro 504K na zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma yana tashi. Injinsa gaba ɗaya yake juyawa tare da farfela. A gaban tayoyinsa akwai doguwar sanda mai lanƙwasa da ke hana ɗalibi kifewa ta hanci. Man zurma ake zuba wa injin, ba ya kuma komawa tanki, fesowa yake yi baya, kan tabarau da gyale da bakin matuƙi. Wanda ya san aikin man zurma a ciki ba sai an gaya masa dalilin da ya sa ake cewa matuƙan wancan zamani, da sun sauka, ba sa tsayawa gaisawa da kowa ba.